Dattawan Nashville Huɗu da Hanyar Aflao

Ni tsohon direban babbar mota ne. Ƙarfina duka a hanyar Kano zuwa Legas na ƙarar da shi, ina kai albasa da wake kudu, ina dawowa da goro daga Shagamu, har gwiwa ta gaji da taka kuloci. Yanzu ina gida, yara sun koya mini rubutu a waya. Shi ya sa nake so in ba da labarin wani faifan waƙa na Amurkawa da ya shigo hannuna a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma zama sanadin buɗe wata magana da ta daɗe a rufe a gidanmu.

Wanda ya yi zamani a tasha ba zai yi mamakin haɗuwar direban goro da mawaƙan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, ba. A lokacinmu duk gaban motar da ka leƙa za ka tarar da rakoda, da kwalin kasakasai a ƙarƙashin kujera. Akwai karatun Alƙur'ani na asuba, akwai wa'azi, akwai Shata, sannan a gefe akwai abin da muke kira waƙar kaboyi. Direbobin da ba sa jin Turanci ko na sayen burodi sun san muryar Don Williams, suna bin amshi da hanci. Kiɗan ba ya gaggawa, muryar mai nauyi ce, tafiyarsa kuma irin ta mota mai lodi ce a tsakar dare. Masu sayar da kaset a Sabon Gari da Kaduna da Jos sun gane haka, suna kwafar waƙoƙin a kan kaset C90, su rubuta sunan mawaƙi da biro.

An haife ni a zangon Kumasi, a ƙarshen shekarun 1950. Kakana Bakano ne. Fataucin goro ya kai shi Gwanja, ya sauka a Salaga, daga baya ya gangara Kumasi. Can ya yi aure, can aka haifi Baba. Baba yana jin Hausa, yana jin yaren Asante, yana da rumfa a kasuwa da sito cike da huhunan goro, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Najeriya ba. Ni ne ɗan fari. Akwai ƙanne maza biyu a bayana, sai auta mace, wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

A ranar 18 ga Nuwamba, 1969, aka fitar da doka a Ghana cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Wasu a zango sun zauna, wasu sun ɓuya a ƙauyuka har ƙura ta lafa. Baba ya ce shi ba zai jira a zo a fito da shi daga ɗakin da aka yanke cibiyarsa ba. Aka sayar da keken ɗinkin Inna da gadon ƙarfe a kan kuɗin da bai kai na mota ba. Goron sito aka bar wa maƙwabci amana. Muka hau bayan wata mota mai bodin katako tare da wasu gidaje, muka nufi Accra, daga nan Aflao, bakin iyakar Togo.

A Aflao muka tarar da duniya ta riga mu. Motoci jere ba ka ganin ƙarshensu, mutane zube a kan rairayi, tabarmi da tukwane da tsofaffi, ga teku tana ruri a gefe amma ruwan sha sai an saya. Da rana zafi, da dare sanyi. Nan gudawa ta kama autarmu. Ina tuna Inna tana jiƙa bakin zani tana ɗiga mata ruwa a leɓe, ina tuna yadda idon yarinyar ya faɗa ciki. Da asuba ta cika. Maza suka karɓe ta, aka naɗe ta a farin rawanin wani dattijo ɗan Salaga, suka yi bayan motoci da ita. Ba a bar ni na bi su ba. Kafin su dawo layi ya motsa, direba yana ta danna ƙaho, suka hau motar da rairayi a hannuwansu. Muka ratsa Togo, muka ratsa Dahomey, Inna tana zaune da majanyi a cinya, ba ta ce uffan ba.

Daga ranar sunan yarinyar ya fita daga bakin gidanmu. Ba wanda ya hana, ba wanda ya yi doka. In magana ta biyo ta wajen, Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ƙannena suka taso da ƙyar suke tuna akwai ta.

Kano ta karɓe mu, amma karɓar da ake yi wa baƙo. Dangin kakana sun ba mu ɗaki biyu, Allah ya saka musu da alheri. Yara a unguwa suna kiranmu 'yan Gana, suna kwaikwayon Hausarmu ta zango. Baba ya gwada kasuwa nan da can, abin bai kama ba, ciwo ya kwantar da shi, ya rasu kafin in yi gemu. Na bar makaranta. Abin da na tsira da shi kawai Turancin firamaren Kumasi, kuma shi ne ya sama mini abinci.

A tasha wani direba ya ga ina karanta wa mutane takarda, ya kira ni. Dattijo ne dogo, ba ya yawan magana, yana tuƙa Marsandi 911. Ya ce yana son yaron da zai riƙa karanta masa takardar kaya, ya kuma yi wa jami'an hanya Turanci. Haka na zama karen motarsa. Har ya bar duniya Maigida nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan Kumasi. Shi ya koya mini sa weji a gangare kafin mota ta yi tunanin baya, da sauraren inji, da gane taya mai shirin fashewa tun daga warinta. Shi ya fara miƙa mini sitiyari a shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ke tsakanin Tegina da Mokwa, ya kuma karɓe kafin gadar Jebba. Da dare kuwa ina da wani aiki. In ya sa kaset, sai ya ɗan rage murya ya ce, "Ɗan Kumasi, me wannan Baturen yake cewa?" Ni kuma in mayar masa da Hausa gwargwadon abin da kunnena ya kama.

A watan Janairun 1983 muna Legas aka ba da sanarwar korar baƙi daga Najeriya. Mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana. Aka ɗauki motarmu shata zuwa iyakar Seme. Na tsaya a bayan bodi ina miƙa hannu ina jawo mutane sama, da jakunkunansu masu layi-layi, da katifu, da fankoki. Wata mata da goyo ta yi wa ɗanta magana da yaren Asante, ni kuma bakina ya amsa mata kafin in yi shawara. Ta tsaya tana kallona. A Seme na sake ganin rairayi, da tabarmi, da layin motoci, domin iyakar Ghana a rufe take a lokacin, mutane sun cushe a Benin da Togo suna jira. A hanyar dawowa Maigida bai sa kaset ba. Can wajen Badagry ya ce, "Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai." Da na koma gida ban gaya wa Inna inda muka je ba.

Kaset ɗin da nake magana a kai na saye shi a Kaduna a farkon 1986. Mai shagon ya san Maigida, ya jawo shi daga ƙarƙashin tebur ya ce sabon shigowa ne, manya huɗu ne a wuri ɗaya. A gefe guda an kwafi Don Williams. A ɗaya gefen an rubuta Highwayman, ƙarƙashinsa sunaye huɗu: Johnny Cash, Waylon Jennings, Willie Nelson, Kris Kristofferson. Waƙoƙi goma ne, duka ba su cika fuska ɗaya ta kaset ɗin ba.

Tarihin faifan sai daga baya na bi shi. Kamfanin Columbia ne ya fitar da shi a watan Mayun 1985, watan da aka sake wata korar baƙi a Najeriya. Shi ne faifan farko da mutanen huɗu suka yi a matsayin ƙungiya, ko da yake a lokacin ƙungiyar ba ta da suna. Sunayensu kawai aka jera a bango, sunan The Highwaymen daga baya ya bi su. Sun haɗu ne a Montreux ta ƙasar Suwizalan a 1984, wajen ɗaukar shirin talabijin na Kirsimeti na Johnny Cash, suna zama da dare a masauki suna miƙa wa juna jita. Da suka koma Nashville, cibiyar waƙar kantiri a Amurka, furodusa Chips Moman, wanda ya yi aiki da Elvis Presley a Memphis a 1969, ya shigar da su sutudiyo.

Ba yara ba ne. Biyu sun haura hamsin, biyu suna dab da ita, kuma kowannensu ya sha hanya. Cash a gonar auduga ya tashi a Dyess ta jihar Arkansas, yana yaro injin yankan katako ya yi sanadin mutuwar yayansa a 1944, abin da ya bi shi har kabari. Nelson kakanninsa ne suka rene shi a Abbott ta Texas, shi ma ya tsinki auduga. Jennings ya tuƙa motar siminti da ƙuruciya a Littlefield, kuma shi ne ya bar wa wani kujerarsa a ƙaramin jirgin da ya faɗi da mawaƙi Buddy Holly a ranar 3 ga Fabrairu, 1959. Kristofferson ɗan janar ne, ya yi karatu a Oxford, ya tuƙa jirgi mai saukar ungulu a soja, ya ajiye duk wannan ya tafi Nashville yana share daɓen sutudiyon Columbia don ya samu mai sauraren waƙoƙinsa. A 1985 tauraron Nelson ne kaɗai ke haske sosai. Sauran ukun kasuwa ta fara juya musu baya, gidajen rediyo sun koma wa matasa. Cash da Jennings ba su daɗe da fitowa daga yaƙi da ƙwaya ba. Faifan ya hau lamba ta ɗaya a jerin kantiri na mujallar Billboard, waƙar farko ita ma haka, marubucinta Jimmy Webb ya ci lambar Grammy a 1986. Duk da haka a shekarar ce Columbia ta sallami Cash, bayan ya kasance tare da ita tun 1958.

Ba zan ce duk waƙoƙin goma daidai suke ba. Akwai biyu ko uku da Maigida ke cewa in tura gaba, kuma yana da gaskiya. Muryar Cash ta mamaye faifan, ta Kristofferson sai ka neme ta. An kuma sa wani ƙyalƙyalin na'ura irin na wancan zamani a bayan wasu waƙoƙin, wanda muryoyi irin waɗannan ba sa buƙata. Amma uku daga ciki sun isa a ce an yi aiki.

Ta farkon, mai sunan faifan, baiti huɗu ce, kowa da nasa. Nelson ya ɗauki na ɗan fashin hanya da aka rataye, Kristofferson na matuƙin jirgin ruwa da teku ta ci, Jennings na leburan madatsar ruwa da ya faɗo, Cash na matuƙin kumbo. Kowanne yana cewa ya mutu amma bai gushe ba. Marubucin da dawowar rai cikin wani jiki yake nufi, mu kuwa Musulmi ba mu yarda da wannan ba, kuma haka na faɗa wa Maigida. Ya yi shiru, ya ce in mayar da baiti na uku. Na mayar. Ya ce in sake. Sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba, cewa a shekarun 1960 ya yi jigilar siminti zuwa Kainji ana ginin madatsar. Ya san wani lebura Bazabarme da kan taya shi sauke buhu, mai yawan dariya, wanda wata rana ya zo bai tarar da shi ba, aka ce ya faɗo daga sama. "Wutar da ake kunnawa a Kaduna da Legas," in ji shi, "akwai jininsa a ciki, kuma ba wanda ya san an yi shi." Madatsar da ke cikin waƙar ita ce Hoover, a kan kogin Colorado, wadda aka gina tsakanin 1931 da 1936, kuma ƙidayar hukuma ta ce mutum 96 ne suka mutu a wajen aikin. Maigida bai damu da aƙidar mai waƙar ba. Abin da ya ji shi ne an ba lebura baki ya faɗi yadda ya mutu.

Wadda ta kama ni kuwa tana can tsakiya, sunanta Deportee. A cikinta sun gayyato Johnny Rodriguez, haifaffen Texas mai asali daga Meziko, ya sa murya. Karon farko ban kama komai ba sai sunayen mutane da ake kira da Sifaniyanci, ana yi musu ban kwana. Muna kwance a ƙarƙashin mota a Mokwa na ɗauko rakodar, na manna ta a kunne, ina mayarwa ina tsayarwa har batir ya fara jan murya. A hankali labarin ya fito. Leburorin gona ne daga Meziko, sun tsinke 'ya'yan itatuwa a gonakin Amurka, aiki ya ƙare, aka loda su a jirgi za a mayar da su. Jirgin ya kama da wuta a sama, suka mutu, labarai kuma ba su faɗi sunan ko ɗaya ba, aka ce korarru ne kawai.

Abin ya faru da gaske. A ranar 28 ga Janairu, 1948, jirgin ya faɗi a kwazazzabon Los Gatos a Kalifoniya. Mutum 32 suka mutu, 28 'yan Meziko, sai ma'aikatan jirgin uku da mai tsaro ɗaya. Manyan jaridu suka kawo sunayen Amurkawan huɗu, suka bar sauran. Aka haɗa leburorin a rami ɗaya a maƙabartar Holy Cross da ke Fresno. Mawaƙi Woody Guthrie ya ga labarin ya rubuta baitukan, ya raɗa wa mamatan sunaye daga kansa tun da an hana shi na gaskiya. Wani malamin makaranta, Martin Hoffman, ya sa musu kiɗa bayan shekaru. Ina ganin girman mutanen nan huɗu a nan. Faifan farko ne, suna buƙatar kasuwa, masu sauraren kantiri a Amurka kuma da yawansu ba masu son a tuna musu da leburan Meziko ba ne. Duk da haka suka sa waƙar, suka kuma kira ɗan asalin can ya rera ta da su.

A daren nan Maigida ya leƙo daga gaban mota ya tambaye ni abin da Baturen yake cewa. Na fara mayar masa, muryata ta tsaya. Bai matsa ba. Ya sauko, ya sayo shayi kofi biyu, ya zauna a kan safaya. A nan na ba shi labarin Aflao, wanda ban taɓa ba kowa ba. Da na gama ya ce, "Innarka tana raye. Ka kai mata."

Na yi ta jinkiri. Sai da azumi ya wuce, wata ranar da mota ke gareji, na zauna a tsakar gida da rakoda ina gyara wata tocila, na sa kaset ɗin ƙasa-ƙasa. Inna tana tsince shinkafa a faifai. Ita ba ruwanta da waƙar Turawa, takan ce surutu ne. Amma da aka zo wajen kiran sunayen, hannunta ya tsaya. Ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, sai ta ce, "Kai, waɗannan kuma wa suke wa makoki?"

Na gaya mata, tun daga gonakin har jirgin. Ta ce, "Kora aka yi musu?" Na ce e. Ta ce, "Aka binne su ba suna?" Na ce haka waƙar ta ce. Ta ajiye faifan shinkafar a ƙasa, ta goge hannu a zani, ta dubi bango. Sai ta faɗi sunan ƙanwata. Ta faɗe shi cikakke, da laƙabin da Baba ke kiranta da shi. Matar ƙanena da ke wanke-wanke ta juyo, don ba ta taɓa jin sunan ba.

Daga nan magana ta ɓalle. Ta ce yarinyar ranar Laraba aka haife ta, tana da tabo a bayan kunnen hagu, tana tsoron akuya. Ta ce ba ita kaɗai aka bari a rairayin nan ba. Akwai tsohuwar da ke sayar da koko a bakin masallacin unguwarmu, akwai jaririn wata amarya 'yar Yendi, akwai wani makaho da ɗansa ya goyo tun daga mota. Ashe duk shekarun nan tana riƙe da su ɗaya bayan ɗaya, da gidajen da suka fito, da wanda ya yi musu salla. Na tashi na ɗauko littafin da nake rubuta lissafin lodi, na juya shi ta baya, na fara rubutawa. Har aka kira magariba tana faɗa. Da dare ta sa aka kira ƙannena, ta sa aka dafa abinci aka raba sadaka, aka yi wa yarinyar addu'a da sunanta a karon farko tun 1969. Da aka haifa mini 'ya mace a shekarar da ta biyo, Inna da kanta ta aiko cewa ga sunan da za a sa.

Ban ce waƙa ce ta warkar da ita ba. Allah ne mai warkarwa, kuma mahaifiyata mace ce mai yawan ibada, ta yi haƙurin da ni ba zan iya ba. Amma ta ɗauka abin da ya same ta a bakin iyaka abin kunya ne da ya sami talaka, wanda ba a faɗa. Da ta ji cewa a wata ƙasa mai nisa an yi wa wasu haka, har manyan mutane sun tsaya gaban duniya suna kiran sunayensu, sai ta ga nata mamatan ma sun cancanci a kira su.

Littafin ya ci gaba da tafiya da ni. A Sabo ta Ibadan, a Shagamu, a Agege, duk inda na ji Hausar zango a bakin dattijo sai in zauna kusa da shi in tambaye shi ko ta Aflao ya fito. Wasu su kore ni, wasu su yi shiru, wasu su riƙe hannuna har shayi ya huce. Akwai waɗanda ta arewa suka bi, ta Bawku da ƙasar Nijar, su ma da nasu. Na ƙara har da mutanen 1983, waɗanda 'yan uwansu suka ba ni, Musulmi da Kirista. Maigida ya sa na rubuta Bazabarmen Kainji, da laƙabi kawai, don shi ya sani.

Waƙa ta uku da na ce ta Guy Clark ce, kan wani tsohon mahaƙin rijiyar mai a Texas da yaron da ya taso a gindinsa. Tsohon ya koya wa yaron tuƙi, ya yawata da shi cikin manya, har ranar da yaron ya girma ya zo ya tarar da shi a gadon mutuwa. Lokacin da muke jin ta a mota ban ɗauke ta da nauyi ba. Maigida ne ke sonta, yana cewa wannan tsohon ya san abin da yake yi. Ya ajiye tuƙi da idonsa ya raunana, ya tsaya mini har mai motar ya miƙa mini makulli. A ciwonsa na ƙarshe nakan je in zauna a bakin tabarmarsa in ba shi labarin hanya, inda aka gyara, inda ta lalace, wane mai shayi ne ya rasu. Rannan ya tambaye ni ko har yanzu ina duba weji da kaina ko na bar wa yara. Na ce da kaina. Ya ce to. Bayan kwana kaɗan aka yi masa sutura. Tun daga lokacin in waƙar ta zo nakan sauka gefen hanya har ta ƙare.

Mutanen huɗu sun sake yin faifai biyu tare, a 1990 da 1995, sun kuma zaga duniya suna wasa. Jennings ya rasu a Fabrairun 2002, Cash a Satumbar 2003, Kristofferson a Satumbar 2024. Na ji mutuwar Cash a rediyo ina layin mai a Zariya, na kashe mota na daɗe ban tayar ba.

Inna ta rasu kafin labarin da na fi so ta ji ya iso. Ɗana ne ya nuna mini a waya. Wani marubuci ɗan Kalifoniya, Tim Z. Hernandez, wanda shi ma jikan leburorin gona ne, ya bi takardu da iyalai har aka tattara sunayen mutum 28 ɗin nan. A watan Satumbar 2013, shekara 65 bayan faɗuwar jirgin, aka kafa dutse a kan kabarinsu a Fresno ɗauke da sunan kowa. Na sa ɗana ya ƙara girman hoton, na karanta su ɗaya bayan ɗaya da bakina, duk da harshena ba ya juya su daidai.

Wannan ne ya sa na fito da littafina daga akwati. Takardun sun yi ja, biro ya fara bajewa a wasu shafuka. 'Yata, mai sunan, ta zauna ta kwafe shi duka a kwamfuta. Muka aika wa wasu dangi a Kumasi da unguwar Nima da ke Accra ta WhatsApp, su ma suka tura gaba. Ba a jima ba wani mutum ya kira daga Tamale, ya ce tsohuwa mai kokon nan kakarsa ce, kuma gidansu sun ɗauka ta isa Najeriya ta manta da su. Mun daɗe a waya, shi yana kuka, ni ina karanta masa abin da Inna ta faɗa game da ita, har da wanda ya ja sallarta.

Yanzu muna shirin tafiya ni da shi da ƙanena da ya rage. Mun sa bayan Babbar Salla, in Allah ya kai mu. Zai taso daga Tamale, mu kuma mu bi ta Seme da Lome mu same shi a Aflao. Ya riga ya yi magana da limamin wani masallaci a zangon garin, wanda ya yarda a karanta sunayen bayan sallar Juma'a a yi musu addu'a. 'Yata tana buga kwafi da yawa don a bar wa masallacin, kuma ta bar shafuka a ƙarshe, saboda tun da maganar ta bazu ake ta kira ana ba mu ƙarin sunaye.